Wutar da Baba Bai Kashe Ba

Kwana biyar ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na rubuto muku. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatun nawa bai yi nisa ba.

A bayan tashar garinmu akwai wani tsohon kan jirgin ƙasa, irin mai cin kwal yana fitar da tururi. Shekararsa arba'in da shida a tsaye, daidai shekaruna a duniya. Yanzu an sayar wa 'yan gwangwan shi. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun tashi haiƙan, suna yawo da takarda ofis-ofis a bar shi don tarihi. Babana na cikinsu, ko da yake sai an kwantar an tayar. Shi ne na ƙarshe da ya zuba masa kwal.

Masu yankan ƙarfe biyu sun gwada. Na farko wutarsa ta mutu sau bakwai, ya tattara kayansa. Na biyu yana asibiti, hannu duk ya saɓule. Na uku babban ɗana ne, an ba shi ranar Litinin.

"Mama, tsatsa ce kawai da tatsuniyar tsofaffi," ya ce yana dariya. "Ko ke ma kin yanki katin ƙungiyar su Kaka ne?"

Ranar Talata Baba ya aike ni in kai tsohon sheburinsa na zuba kwal cikin jirgin, wai masu duba takardarsu za su zo, gara su ga jirgin da kayan aikinsa.

"Ki jingine shi ki fito. Kada ki taɓa ƙofar murhun."

Sai dab da magariba na samu zuwa. Ciyawa har gwiwa, amma a kewayen jirgin, ƙasar a ƙone take. Tsuntsaye cike da wayar lantarki, ba ko ɗaya a kan jirgin.

Na kama ƙarfen matakala. Da ɗumi. Na ce rana ce, alhali tun safe hadari ne.

Na hau. Warin kwal da baƙin mai ya cika mini hanci, irin wanda nake ji a tsohuwar rigar Baba. Na jingine sheburin.

Sai na ji numfashi. A hankali, mai nauyi, daga cikin tukunyar ruwan jirgin.

Allurar agogon tururi, wadda gilashinta ya fashe, ta motsa.

Na juya zan sauka. Ƙarrr. Sheburin yana jan kansa a ƙasa.

Ƙofar murhun ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Ciki ja wur.

"'Yar mai wuta," aka raɗa. "Ina ubanki?"

Bakina ya ƙi addu'a.

"Cewa ya yi mu jira."

Ƙofar tana ƙara buɗewa. Ban san sanda na sa tafin hannu na danna ta ba.

Na faɗo. Na bar takalmi ɗaya. Ina gudu na ji usur a bayana, siriri, kamar kukan jariri.

Ina shiga ɗaki Baba ya dubi hannuna.

"A aikinmu, wanda ya hura wuta shi ke kashe ta," ya ce. "Ran nan mun shigo tasha aka ce uwarki na naƙudarki, rai a hannun Allah. Na dafa murhun na ce, ku jira ni, yanzu zan dawo. Washegari aka kawo jirage masu shan mai, aka ja wannan baya. Ban koma ba."

"To Baba, mu je ka kashe ta mana."

Sai ya ce:

"In na kashe, zai huce, su yanka shi salin alin, yaronki ya dawo gida lafiya. Sai dai ni da wutar nan, uwata, numfashinmu ɗaya."

Tun ranar, tafin hannuna bai huce ba. In na sa shi a ruwa, tururi yake yi. Na nuna wa ɗana, ya ce in rage taɓa tukunya. Na roƙe shi ya bar aikin har da kuka, ya ce ya riga ya sa hannu. Yanzu haka ina jin sa a tsakar gida yana gwada tiyon gas.

Baba kuma ya sa an wanke masa tsohuwar rigar aiki. Ya ce in nemo motar da za ta kai shi wurin jirgin, in na yarda. Ni ya bar wa zaɓin.

Gobe Litinin. Don Allah jama'a, in nemo motar, ko in bar yaron ya tafi?