Baho Biyu a Rumfar Hajjo

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Litinin, Sufeto Abdulbaƙi ya kwance ledar gurasarsa ke nan sai wayar ofis ta yi ƙara. An kashe mutum a bayan wata rumfar abinci a Challawa, kuma jama'a na shirin kashe na biyu.

Ya mayar da gurasar cikin aljihun tebur yana tsaki. Mutum ne mai gyambon ciki, idan yunwa ta kama shi ko gaisuwa ba ya amsawa da daɗi. Kofur Mubina ta san halinsa, shi ya sa nan take ta tayar da mota.

Tafiyar minti goma sai da ta ci musu ashirin. Wata tirela maƙare da fatu ta mace a tsakiyar titi, 'yan adaidaita sun cushe gefe da gefe, kowa na danna hon kamar shi kaɗai ke da wurin zuwa.

Rumfar Hajjo tana tsakanin kamfanoni biyu, masaƙa a dama, majema a hagu. A bayanta, kusa da wani dogon benci, gawar ke kwance rub da ciki. Uba ne, mai gadin ƙofar masaƙa. An sare shi a wuya, saran da ya kusa raba kai da gangar jiki. Kulolin abinci biyar sun tarwatse a gefensa, shinkafa da miya sun cakuɗe da jini, ƙudaje sun yi baƙi a kai.

Wuƙar tana nan inda aka yar da ita: doguwa, lanƙwasasshiya, da ƙota a kowane ƙarshe. Irin wadda ake kankare fata da ita ce a majema.

Wanda jama'a suka kama yana cikin shagon mai faci, inda wasu dattawa suka jefa shi suka tare ƙofa. Sunansa Idrisu, ɗan jima ne da ke aiki a majemar, mutumin Nijar. Ido ɗaya ya rufe ruf, haƙora biyu sun fita, hannun dama yana lilo daga gwiwa kamar ba nasa ba.

"Wuƙarsa ce! Ku ba mu shi!" in ji taron.

Kafin Abdulbaƙi ya gama sa shi a bayan mota, DPO ya kira.

"Ƙarfe shida za a tashi ma'aikatan masaƙa, mutum ɗari uku. Ba na son su zo mini ofis. Ka rubuta masa cajin kisa, mu miƙa shi gaba kafin lokacin."

"Yallaɓai, ko tambayarsa ban yi ba."

"Kana da awa huɗu."

Abdulbaƙi ya san abin da hakan ke nufi. Baƙon da ba shi da kowa a gari, idan aka rubuta kisa a fayil ɗinsa, sai ya tsufa a gidan yari kafin wani ya tuna da shi. Ya shiga bayan motar ya zauna kusa da shi.

"Wuƙar taka ce?"

"Ba tawa ba ce, ranka ya daɗe."

Mubina ta juya ƙotar wuƙar ta nuna masa. An ƙona harafin farko na sunansa a jiki da ƙusa mai zafi. Idrisu ya sunkuyar da kai.

"Tawa ce. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Duk Litinin mai wasa wuƙa yana zuwa, sai in fito da ita. Na ajiye a kan bencinmu na tafi sallar Azahar. Ina dawowa na ji duka ta ko'ina."

"Wa ya gan ka a masallaci?"

"Allah ya gan ni."

"Kun taɓa faɗa da marigayin?"

"Makon jiya ya yi ƙwallo da kwanona, wai na tare masa hanya. Na zage shi, kowa ya ji."

Abdulbaƙi ya kama hannun da bai karye ba ya duba, sannan ya leƙa ɗayan. Tafukan sun rine shuɗi-shuɗi, sun farfashe saboda sinadarin jima, amma babu sabon yanka ko ɗaya. Wannan ba hujja ba ce, kuma ya san DPO dariya zai yi masa idan ya kai ta. Ya sa wani ɗan sanda ya kai Idrisu asibiti, shi kuma ya koma rumfar.

Hajjo tana zaune a kan turmi ta zuba tagumi. Mace ce ƙatuwa mai murya, amma yau muryar ta shige ciki.

"Hajiya, me kika gani?"

"Wallahi ban ga komai ba, Yallaɓai. Kaina na cikin tukunya."

Kowa a Challawa kansa na cikin tukunya idan 'yan sanda suka zo. Abdulbaƙi bai ja da ita ba. Cikinsa ya fara ci da wuta, kuma ya daɗe da gane cewa mai abinci ta fi sakin baki da wanda ke cin abincinta.

"Zuba mini shinkafa da wake. Kar ki sa yaji."

Ya naɗe hannun riga ya nufi bahon wankin hannu da ke kusa da shi, na bayan rumfa. Bai kai ga tsoma hannu ba mutum uku suka yi ihu lokaci guda.

"Yallaɓai, ba nan ba! Na 'yan jima ne!"

Ya tsaya da hannu a sama. Hajjo ta taso da sauri.

"Ai baho biyu ne. Na gaba na mutanen masaƙa ne da baƙi, na baya na 'yan jima. Mutane ba sa son warin fata a hannunsu, shi ya sa na raba musu benci, na raba baho. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"Ɗan jima ba ya wanke hannu a gaba?"

"Ina! Kafin ya kai hannu an yi masa ca. Ko a mafarki ƙafarsa ba za ta kai shi can ba."

"Ɗan masaƙa fa, yana taɓa na baya?"

"Gara ya ci da hannunsa haka."

Abdulbaƙi ya dubi bahon baya. Ruwan ya yi kauri, manja na yawo a kai, yadda ya kamata bayan mutane sun ci abinci. Ya zagaya gaba. Ruwan can garau yake, har ana ganin gindin bahon. A gefensa ƙasa ta jiƙe, kuma ƙudaje sun taru a wurin alhali babu ko ƙwayar shinkafa.

"Mutum nawa suka ci a gaba yau?"

"Sun fi ɗari."

"Mutum ɗari, ruwa kamar yanzu aka ɗebo shi daga rijiya?"

"Ina canzawa akai-akai."

Mubina ta buga jarkokin da ke jere a jikin bango da ƙafa. Duk fanko ne sai ɗaya.

"Baba, ɗan garuwa sau ɗaya yake zuwa nan, da safe," in ji ta, tana duban Sufeto. "Wadda ke lallaɓa jarka ɗaya har yamma ba ta zubar da ruwa don nishaɗi."

Hajjo ta fashe da kuka.

"Ja na gan shi, Yallaɓai, jawur. Tun kafin a yi ihu. Na ɗauka wani ne ya yanke, na ce idan mutane suka gani ba mai sake cin abincina, sai na kifar. Da aka ga gawa sai tsoro ya kama ni. Wallahi ban ga wanda ya wanke ba, cunkoso ya yi yawa."

Abdulbaƙi ya koma inda gawar ta faɗi ya ƙirga taku. Daga nan zuwa bahon baya taku uku ne, kuma babu kowa a wurin lokacin salla. Zuwa na gaba taku ashirin, cikin jama'a. Wanda ya yi kisan ya tsallake ruwan da ke gabansa, ya tafi can da jini a hannu, domin ko a cikin ruɗewa jikinsa bai yarda ya taɓa ruwan 'yan jima ba. Takaici ya kama Sufeto. An kusa kashe Idrisu a banza, kuma ƙyamar da ake yi masa ce kawai za ta wanke shi.

Abincin ya zo, ya ci loma uku a tsaye. A nan idonsa ya faɗa kan wani kwanon silba shi kaɗai a ƙasa, gaban teburin da Hajjo ke zuba abinci. An ɗaura masa koren zare a baki.

"Wannan fa?"

"Layi ne," in ji Hajjo. "Kwanon ke riƙe wa mai shi wuri. Hutun mutanen masaƙa rabin awa ne kacal. Da an busa jiniya sai kowa ya ajiye kwanonsa a layi ya ruga salla, ya dawo ya tarar da wurinsa. Kowa da kalar zarensa."

"Na wa ne wannan?"

"Na Labaran ne, wani ma'aikacin masaƙa. Bai taɓa barin kwanonsa ba."

"Kuloli biyar ɗin da marigayi ya ɗauko fa?"

"Na manyan ofis ne. Uba ba ya bin layi, Allah ya ji ƙansa. Yana zuwa sai in bar kowa in cika masa, in ba haka ba ya sa a tashe ni daga jikin katanga. Kafin in gama an cinye wa mutane minti goma. Sai ya bi ta baya ya riga su komawa, ɗaya da rabi na cika ya rufe ƙofa, ya rubuta sunan duk wanda ya makara."

Ƙarfe huɗu da kwata suka shiga masaƙa. Ƙarar injina ba ta barin mutum ya ji ko tunaninsa, sai da aka fito musu da Labaran wani ɗakin ajiyar zare. Siriri ne, ya haura arba'in, furfura ta fara masa a gemu. Hannunsa na dama yana cikin aljihun rigar aiki.

"Malam Labaran, ka je rumfar Hajjo yau?"

"A'a, Yallaɓai. Azumin Litinin nake yi, ko ƙofa ban fita ba."

"Allah ya karɓa. To kwanonka shi ba ya azumi ne?"

Mubina ta ɗora kwanon a kan wani buhu. Labaran ya kalli koren zaren.

"Wataƙila wani ne ya ara."

"Wataƙila. Fito da hannunka."

Ya fito da shi, amma da sifana a ciki. Ya kai wa Mubina duka a ka, ta kauce, ƙarfen ya same ta a kafaɗa ta faɗi kan buhuna. Abdulbaƙi ya rungumo shi ta baya, suka zube tare. Labaran ya gantsara masa cizo a damtse har jini ya fito, shi kuma ya buga masa kai da siminti sau biyu kafin sifanar ta faɗi. Mubina ta taso da hannu ɗaya ta danna masa ankwa.

Suka kwance tsumman da ya naɗe a tafinsa. Yanka ne mai zurfi daga gindin babban yatsa zuwa ƙarami. Wuƙar jima da hannu biyu ake riƙe ta, wanda bai saba ba kan kaifin hannunsa ke zamewa.

Labaran ya jingina da buhu yana haki, jini na bin goshinsa.

"Takardar gargaɗi biyu gare ni, duk a kan makara, duk shi ya rubuta ni. Ta uku kora ce. Shekara goma sha shida ina kan injin nan, 'ya'yana bakwai. Yau ni ne na uku a layi, na ce yau dai zan ci abinci kamar mutum. Sai ga shi da kulolinsa. Na bi shi baya, wallahi roƙonsa na je yi. Na ce Malam Uba, ka taimaka kar ka rufe ƙofa yau. Ya yi dariya, ya ce in zaɓa, ko ciki ko aiki. Sai na ga wuƙar a kan benci."

"Da aka kama Idrisu kana ina?"

Labaran ya kawar da kai gefe.

"Ina tambayarka."

"Ni na fara cewa wuƙar 'yan jima ce." Muryarsa ta karye. "Ni na ɗauko itacen da aka karya masa hannu."

Saura minti ashirin a busa jiniyar shida suka isa asibiti, domin sai an ɗinke hannun Labaran kafin a kai shi sel. Abdulbaƙi ya riga ya kira DPO, wanda ya ce "to, madalla" kamar shi ya yi aikin. Likita ya tare Sufeto a baranda ya gaya masa ƙashin Idrisu ya ragargaje wuri uku, da wuya hannun ya sake riƙe abin aiki.

Idrisu yana kwance, an ɗaure ƙafarsa da ƙarfen gado. Abdulbaƙi ya karɓi makulli ya kwance ankwar da kansa.

"Malam Idrisu, an gano wanda ya yi. Babu abin da ake tuhumarka da shi."

Hawaye suka gangaro wa Idrisu daga idon da ke buɗe. A lokacin ne aka zo wucewa da Labaran ta bakin ƙofa. Ya turje, ya durƙusa a ƙasa da ankwa a hannu.

"Bawan Allah, ka yafe mini."

Idrisu ya daɗe yana kallonsa.

"Na san fuskarka," ya ce. "Shekara huɗu ina hango ka daga bencinmu. Ya sunana?"

Labaran ya buɗe baki, ya rufe. Bai sani ba.

Mubina ta kama shi a wuyan riga ta miƙar da shi, suka wuce da shi zuwa mota.