Dokar Kallo da Gashin Bakin Abba

Ranar da ya fara ganinta, dokar hana kallo take karantawa, shi kuwa ya kafe ta da ido tun daga farko har ƙarshe.

A babban zauren maɗaba'ar aka tara ma'aikata, aka kashe injuna. Ita ce sabuwar jami'ar kula da ma'aikata, doguwa, mai magana ɗaya, wadda ba ta san in'ina ba. Matan sashen ɗinkin littafi ne suka kai kuka cewa ana bin su da ido har aikin ya fita ransu, ita kuma ta zo da maganin abin.

"Kallon fuska lokacin magana ba laifi ba ne," ta ce. "Amma ƙura wa abokin aiki ido har ya takura, ko raka shi da kallo in ya wuce, laifi ne. Na farko gargaɗi, na biyu kora."

Nan take maza suka zama salihai, kowa na nazarin takalminsa kamar yau ya saya. Mutum ɗaya ne bai sunkuya ba, mai kula da babban inji, wanda ake kira Shiru. Idonsa ƙur a kan bakinta, ko ƙiftawa ba ya yi.

Kafin a tashi aiki an laƙaba mata suna Madam Doka. Mataimakin manaja kuwa, wanda kowa ya san dominsa aka yi dokar, washegari sai ga shi da baƙin gilashi, wai hasken ofis na damun idonsa. Daga ranar sunansa ya koma Tabarau.

Madam Doka ta bi Shiru har gaban injinsa.

"Malam, ina son magana da kai."

Ya ba ta baya yana goge tawada. Ta maimaita, ko gezau bai yi ba. Ranta ya ɓaci. A gaban jama'a ya cinye ta da ido, yanzu kuma ya mai da ita 'yar iska. Ta koma ofis ta rubuta masa gargaɗin farko. Da aka kai masa ya zo da kansa, ya sa hannu, ya ce, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe." Yana faɗa yana kallon bakinta.

Abin ya tsaya mata a rai, kuma gaskiya ba don dokar kawai ba. Ta san kallon banza, ta sha shi a wuraren aiki har ya ishe ta. Wannan kallon bai taɓa sauka ƙasa da haɓarta ba, kuma da ta rufe baki yake ɗauke kai.

Wata rana wani babban faranti na ƙarfe ya suɓuce ya faɗi a bayansa. Kowa ya zabura, har da masu salati. Shiru bai ko waiga ba. Tana tsaye a bayan gilashin ofishinta tana gani. Ta jira har ya ɗago, sannan ta motsa leɓɓanta ba tare da ta fitar da murya ba.

"Ka ci abinci?"

"Ban ci ba tukuna," ya amsa da ƙarfi daga can. Sai kuma ya sandare, don ya gane ya tona kansa.

Lokacin hutu ya shigo ofishinta ya zauna kamar wanda aka kawo wa saƙon mutuwa.

"Ƙarar injin ce ta cinye min kunne a hankali," ya ce. "Hagu ya tafi gaba ɗaya, dama saura kaɗan. Da leɓe nake ji. In manaja ya sani, zai ce ba zan ji ƙararrawar haɗari ba, ya ɗauke ni daga injin. Ni kuma ba abin da na iya sai shi. Don Allah ki rufa min asiri."

Kunya ta kama ta, tausayinsa ya cika mata zuciya. Ta juyo da kujerarta ta fuskance shi sosai.

"Ba zan faɗa ba, sirrinka ne. Amma ka sani, ranar da aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Kuma ba ni lambarka. Da alama rubutu zai fi mana sauƙi."

Mutumin da ake kira Shiru, ashe a waya aku ne.

"Ranki ya daɗe, yau na kalle ki sau ɗaya kacal, shi ma a bakin aiki. Ina neman lambar yabo."

"Ba a ba da lada don bin doka, Malam Mai Kallo."

"To a ba ni izinin karya ta bayan an tashi aiki. Zan zo da shaidu."

"Dokata ba ta hana kallon da aka nemi izini aka bayar ba. Ka je ka sake karantawa."

"Na karanta, Hasken Idona. Izinin nake nema, na har abada."

Ta daɗe tana murmushi ita kaɗai kafin ta rubuta, "Ka zo ka ga Abba."

Abbanta tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma abin alfaharinsa a duniya, bayan 'yarsa, gashin bakinsa ne. Ya yi kauri, ya sauko ya rufe leɓɓansa ruf kamar labule. Umma ta yi shekaru tana yaƙi da shi, ko almakashi bai taɓa yarda ya matso kusa ba.

Shiru ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi. Abba ya fara jero tambayoyi. Bawan Allah ya ɗago, bai ga komai ba sai gashi yana rawa. Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa, gumi ya keto masa. Aka tambaye shi sana'arsa, ya ce lafiya lau. Aka tambaye shi ina iyayensa, ya ce amin.

Yana fita Abba ya dubi 'yarsa.

"Mamana, wannan ne? Yaron da zai tsare ni da ido kamar na ci bashinsa, in yi gabas ya yi yamma?"

"Abba, ba ya ji sosai ne. Leɓe yake karantawa, naka kuma ba a gani."

Umma ta toshe baki da mayafi don kada dariya ta kufce mata. Abba kuwa ya ɗaure fuska.

"Au, kurma ne ma? To da wa zan yi magana in ya ɓata miki rai? Ban yarda ba."

Ba a gama da wannan ba sai Tabarau ya taso. Ya daɗe yana aiko mata da kyaututtuka tana mayarwa. Da ya ga inda hankalinta ya karkata, sai ya shigar da ƙara wajen manaja: Shiru na ƙura wa mata ido, Madam Doka kuma tana rufa masa don saurayinta ne. Ƙara ta biyu ke nan, hukuncinta kora.

Ta je wajen manaja da ƙafarta ta ce ta janye daga kwamitin da zai saurari ƙarar, tunda maganar ta shafi wanda take so. Da Shiru ya ga sunanta ba ya cikin masu zama, zuciyarsa ta karye.

"Ke ma kin gudu ke nan? Abbanki ya ƙi ni, ke kuma kin bar ni a hannunsu."

"Ban gudu ba, Mai Kallona. In na zauna na wanke ka, an kashe dokar, matan nan sun koma gidan jiya. In na faɗi sirrinka, na ci amana. Kai kaɗai za ka iya buɗe baki. Zan zauna a inda za ka gan ni."

Kwana biyu wayarta shiru, ta yi kuka a ɓoye, amma ba ta sauya magana ba.

Ranar zaman ta zauna a kujerar baya, daidai saitinsa. Tabarau ya zuba bayani har da buga tebur. Manaja ya juya ga Shiru ya ce ko yana da abin faɗa. Shiru ya nemo fuskarta. Leɓɓanta suka motsa, ba murya: "Ina nan."

Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne ina kallon mutane. Bakinsu nake kallo, don kunnena ya mutu. Na ɓoye ne saboda tsoron a raba ni da injin. Duk wadda kallona ya takura, ta yafe min."

Sai ga Gwaggo, shugabar matan ɗinki, ta gyara zama.

"Ɗan nan, kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba. Me kake tsammani ya sa kowacce ke zagayowa gabanka kafin ta yi magana?" Ta juya ga manaja. "Mu muka kawo kuka, ranka ya daɗe, kuma ba a kan wannan yaron ba ne. Shi in ka yi shiru ya ɗauke kai. Wanda muke nufi, sai mun ba da baya nasa kallon ke farawa. Da aka kafa doka bai daina ba, gilashi ya saya."

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk ɗakin wuri ɗaya aka kalla. A hankali Tabarau ya zare gilashin ya sa a aljihu. A ranar ya karɓi nasa gargaɗin, wata bai cika ba ya nemi canjin reshe.

Manaja ya yi wa Shiru faɗa sosai a kan ɓoye abin da zai iya jawo haɗari, sannan ya sa aka haɗa wa injin jar fitila mai walƙiya a madadin ƙararrawa, aka raba wa kowa abin toshe kunne. Madam Doka ta ƙara layi ɗaya a dokarta, cewa kafin a rubuta wa mutum gargaɗi, a zaunar da shi a tambaye shi. Gargaɗin farko da ta ba Shiru kuwa, da hannunta ta yaga shi.

Saura Abba. Umma ce ta ba shi labarin zaman tiryan-tiryan kamar yadda ta ji daga bakin 'yarta, har da yadda yaron ya tsaya ya faɗi gaskiya alhali aikinsa na kan siraɗi. Abba ya yi ta shafa gashin bakinsa. Shi ma ya yi rayuwarsa cikin ƙarar inji, kuma ya san abokan aikinsa nawa ne suka tsufa ana yi musu magana da ihu. Bayan kwanaki ya ce, "A ce wa yaron nan ya dawo."

Sai Shiru ya sake zuwa gidan. Ita ta shigo da shi falo, ta ɗaga kai za ta yi magana, sai idonta ya sauka kan Abba.

Abba na zaune a kujerarsa, leɓensa na sama fayau, har wurin ya yi fari don rabonsa da ganin rana tun kafin a haife ta. Umma na gefe riƙe da almakashi, bakinta ya ƙi rufuwa.

"To me kuke kallo?" Abba ya ce. "Ko a gidan nan ba dokar ne?" Ya juyo ya fuskanci Shiru, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. "Kai, yaro. Kana ji na yanzu?"

"Ina ji, Abba," ya ce. "Ras nake ji."

"To na ba ka ita. In ka ɓata mata rai, ka ga dai yanzu akwai bakin da zai yi maka faɗa."

Aka ɗaura aure, maɗaba'a kaf ta halarta, katin gayyatar ma ango ne ya buga shi a injinsa. Wurin ya cika da hayaniya har ba mai jin na kusa da shi. Amarya ta hango angonta can cikin abokai, ta motsa leɓe, shi kaɗai ya san me ta ce, ya yi ta dariya kamar yaro.

Da za su tafi, Abba ya kira su. Ya kamo fuskar surukinsa da hannu biyu ya juyo da ita saitin tasa.

"Kalle ni da kyau, ɗana, kada ko kalma ɗaya ta wuce ka. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya sa kada ku gaji da ganin juna."

Shiru bai ƙifta ba har Abba ya rufe baki, duk da hawayen da suka cika masa ido. Sannan ya ce amin, a daidai inda ake cewa amin.