Tsarabar Baba Ƙarami

Rana ta gama faɗuwa a bayan gidajen unguwar Tafo da ke Kumasi, ladanin masallacin bakin titi yana gyaran murya. Kadijatu na tsugune gaban kurfotin gawayi tana tuƙa tuwo, mijinta Seini, dillalin shanu, yana alwala a bakin kwata. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinsu, ya gangaro ya tsaya a gaban tukunya.

Seini ya leƙa lungu ko yaran maƙwabta ne, bai ga kowa ba. Kafin ya juyo wani ya sake faɗowa, wani ya biyo shi. Kadijatu ta ɗauki ɗaya, ta yi maza ta yar. Jiƙe yake, da sanyi, da gansakuka a jikinsa, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa a Kumasi ba.

A ɗaki suka tarar da babbar 'yarsu Kausara, mai shekara tara, ta juya wa ƙofa baya tana fuskantar bango. Uwar ta kira sunanta. Muryar da ta amsa ta tsohuwa ce, a dishe.

"Nan babu ruwa. Nan zafi."

Ba su daɗe da dawowa daga tafiya ba. Ƙanen Seini, Mutala, shi ya gayyace su hutun makaranta a wani ɗan gari da ke kan duwatsun Kwahu. Seini ne ya goyo Mutala tun rasuwar mahaifinsu, shi ya taho da shi daga Nijar yana ƙarami, shi ya yi masa aure. Daga baya Mutala ya bar kiwo, ya gyara wani fili a gefen dutse don yaran baƙi masu zuwa shan iska. Bai buɗe wurin ba tukuna, ya ce so yake 'ya'yan yayansa su fara sa masa albarka.

Yaran sun ji daɗin tafiyar. Kausara da ƙanwarta Nusrat sun yi lilo a igiyar da aka ɗaura a wata ƙatuwar bishiya, sun hau jaki, sun yi wasa a rafi har leɓunansu na rawa don sanyi. Wani manomi ya fasa musu ɗanyen koko, irin wanda ake yin cakulan da shi, suka tsotsi farin da ke ciki. Da safe hazo kan sauko har bakin taga, su riƙa miƙa hannu wai za su kama shi. Ranar da za su taho Mutala ya riƙe hannun Kausara ya shiga da ita wani kogo a saman filin, ta fito da baƙin dutse mai santsi kamar ƙwan agwagwa. Ta ce Baba Ƙarami ne ya ce ta ɗauka da hannunta, tsaraba ce. A ƙarƙashin matashinta take kwana da shi.

Tun daga magaribar da aka fara jifan gidan ya sauya. Da rana Kausara lafiya lau, sai dai kasala. Da zarar inuwa ta cika tsakar gida sai jifa ya fara, a ji ana magana ƙasa-ƙasa a bayan randa, a wayi gari randar babu ko ɗigo. Masu haya a gidan suka daina fitowa alwala su kaɗai. An kai yarinyar asibiti, aka auna, aka ce babu zazzaɓi. Seini ya buga wa Mutala waya ya gaya masa, Mutala ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce layin ba ya da kyau, ya kashe.

Ranar Alhamis bayan la'asar Seini ya je unguwar Alabar ya taho da Alfa Rafi'u, wani dattijo mai ƙarancin magana. Alfa ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da yarinyar, uwar ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Hasken da ke bakin ƙofa ya yi ja, ya dushe. Can jikin Kausara ya sandare, ta ɗago kai ta dube shi da idon da ba nata ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ni ba zuwa na yi ba. Kawo mu aka yi, ni da jikokina."

"Wa ya kawo ku?"

"Mai filin lilo. Kogon nan gidanmu ne tun ba a sare daji ba. Ya sa ma'aikata su fasa bakinsa, muka kore su. Sai ya kawo wani mutum mai jin maganarmu. Mutumin ya ce an tanadar mana gida a birni, mai ruwa da inuwa, mu shiga dutsen nan, yaro daga jinin mai wurin zai ɗauke mu da hannunsa. Muka yarda. Muka zo muka tarar da kwata da hayaƙin mota."

Kadijatu ta saki wani sauti kamar an taka ta. Seini bai motsa ba, sai dai carbin da ke hannunsa ya zame ya faɗi.

"An cuce ku," in ji Alfa, "amma ba yarinyar nan ta cuce ku ba. Ku fita."

"A yanka mana rago."

"Ba ma yanka wa kowa sai Allah."

"To ita ta kawo mu, ita za ta mayar da mu."

"Ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba. Ga ubanta, jini ɗaya ne."

Daga nan muryar ta ce a mayar da dutsen inda aka ɗauko shi, kuma kada a sake shigar da yaro kogon. Seini ya ce ya ɗauki alkawari. Alfa ya sa ta rantse da wanda ya halicce ta, ta rantse. Kausara ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, gumi ya keto mata. A daren nan kwanon ɗakin bai yi ko motsi ba.

Da asuba Seini ya naɗe dutsen a ƙyalle ya shiga tirotiro, ƙaramar motar haya. Da ya isa ya tarar an buɗe wurin, an kafa allo mai fenti, yaran baƙi suna layin hawan jaki. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya hau har kogon, ya ajiye dutsen a cikin duhu, ya tattaro manyan duwatsu ya fara toshe bakin. Yana cikin haka ya ji tsayuwar mutum a bayansa.

"Yaya, wallahi ban san abin zai kai haka ba. Mutumin ya ce ba za su taɓa ta ba."

Seini ya ɗora wani dutsen, ya goge hannu a riga, sannan ya juyo.

"Kai ma kana da 'ya'ya, Mutala. Me ya sa ba ka ba naka ba?"

Mutala ya dubi ƙasa.

"Ya ce sai an kai su nesa. Nawa kuwa a nan suke kwana."

Seini ya daɗe yana kallon fuskar da ya sha wanke wa majina. Ya raɓa shi ya sauka, Mutala na kiran yaya, yaya, har muryar ta ɓace a cikin ihun yara.

Ya iso Tafo gab da magariba. Kausara na zaune a tsakar gida tana shan koko, ta rame, amma idonta nata ne. Ba ta tuna komai ba. Ta taso da gudu ta rungume ƙafafunsa.

"Baba, an ce ka je wurin Baba Ƙarami. Ya tambaye ni?"

Kadijatu ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon mijinta. Seini ya dafa kan yarinyar.

"Bai tambaya ba," ya ce. "Kawo min buta."