Ruwa a Kwalbar Malam Isma'ila

Ranar Talata da hantsi Saifuddeen ya shigo caji ofis na Bagudo, riƙe da wata 'yar kwalba a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Yayansa Malam Isma'ila, malamin firamare a Kaoje, ya rasu shekaranjiya. Ciwon suga ne, alhali bai taɓa fashin allura ba.

"Yallaɓai, jabu anka ba shi," in ji shi. "Sadisu mai kemis na. Kowa ya san daga Benin shika kwaso magani."

Sufeto Ɗanmusa ya ɗaga kwalbar ya duba a haske. Mahaifiyarsa ta shekara shida tana wannan allura ta insulin, ya san kalarta: fari-fari, kamar tsinkakken nono. Wannan kuwa saura kaɗan ta zama ruwan randa. Robar bakinta ta sha huda har ta yi laushi.

Ya ɗauki Kofur Bashira da Saifuddeen suka nufi Kaoje.

Sadisu na ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ban taɓa taka iyaka ba, Yallaɓai."

Sufeto ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta, rubutun jikinsa duk Faransanci.

"Wannan fa, a Kaoje aka buga shi?"

"To, nikan leƙa. Mutane ba su iya sayen na nan. Amma insulin, ina nig ga firji? Malam katin inshora garai, asibiti shika amsa, har da sirinji."

"Ba wanda ke sayen komai daga gidansa?"

"Sai matatai, Dela. Sirinji takan saye."

Sufeto ya fito daga kemis ɗin yana tunani. Mai samun sirinji da kati, me zai sa matarsa ta saya?

A gidan rasuwar, maza na zaune a ƙofa. Aka yi musu iso. Dela na kan tabarma cikin takaba, idanunta sun kumbura. A gefenta wata budurwa ce siririya mai suna Mashkura, 'yarta ta wajen mijin fari.

"Wa ke yi wa Malam allura?"

"Ni, Yallaɓai. Safe da marece."

"Sirinjin da kike saye fa?"

"Nashi na ka lanƙwashewa."

"A gidan nan akwai wani mai suga?"

"Babu."

Da sauri ta amsa, ta kuma kai hannu ta ja mayafin 'yarta.

Kofur Bashira ta nemi zagayawa. Da ta dawo ta raɗa wa Sufeto abin da ta gani: kiyashi sun yi dafifi a magudanar fitsari. Duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san wannan alama. Malam kuwa ya kwana biyu a kabari.

Bayan ɗakin Dela, an binne wani ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi. Bashira ta zura hannu ta fito da kwalba. Wannan kam fari-fari ce, ba sirki.

Sufeto ya ajiye kwalaben biyu a gaban Dela. Abin ya yi masa ɗaci, don tun kafin ta buɗe baki ya san amsar.

"Mashkura, tashi ki shiga ɗaki," in ji Dela. Sai da yarinyar ta shige ta ci gaba. "Bara ciwon ya kama ta. Munka tai a sa ta cikin kati, sunka ce agola ba ta shiga, sai ɗiyan cikinai. Kwalba guda ta fi buhun shinkafar da muka nomawa, gonar ko ambaliya ta cinye. Nir roƙi Malam shi ce likita shi ƙara mai, yac ce ba shi cutar hukuma."

"Sai kika riƙa zuƙe nasa."

"Kaɗan-kaɗan nif fara, in cika da ruwa. Na aza jikin babba na jurewa. Da Mashkura ta soma suma, nik ƙara." Ta share ido. "Mutumen kirki na, Yallaɓai. Kullum in na yi mai allurar ruwan sai shi ce Allah shi yi min albarka."

Saifuddeen, da ke tsaye a bakin zaure, ya zame ya zauna a ƙasa.

Sufeto bai bari an sa mata ankwa ba. Bashira ta kama hannunta suka nufi mota, matan gida na kallo ba mai motsi. A bakin ƙofa Dela ta tsaya ta waiwayo.

"Yallaɓai, a maida kwalbar ga cikin tulu, zahi na ɓata ta."

"Shaida ce, dole in tafi da ita."

"Kwana tara ta rage mata a ciki. Katin ko ya bi Malam."

Sufeto Ɗanmusa ya daɗe yana duban kwalbar a tafinsa. Daga bayan labule Mashkura na leƙensa. Ya sa kwalbar ruwan a aljihu, ya koma bayan ɗaki ya mayar da ɗayar cikin tulu, ya rufe da yashi.