Jan Fure da Littafin da Ba a Buga Ba

"Ba zan janye ba, Senyora."

Queralt ba ta ɗaga murya ba. Senyora Remei, wato Uwargida Remei, ta zare tabarau ta ɗora a kan tulin takardun da ke gabanta. Takardun nan littafin Queralt ne, labarin da ta yi shekaru tana rubutawa, ta bi ƙofa-ƙofa da shi a Barcelona tana neman wakilin da zai shigar mata da shi wurin masu buga littattafai. Wasu sun ce ya yi tsawo, wasu ko amsa ba su ba ta ba. Senyora Remei kuwa wakiliya ce da in ta ɗaga waya ta ce a buga littafi, bugawa ake yi.

Kuma ita ce mahaifiyar Oriol, saurayin Queralt.

"Yarinya, ban ce ki yi ƙarya ba," in ji dattijuwar. "Ki rubuta cewa kin sake kallon fim ɗin ɗana, kin ga abin da ya ɓace miki da farko. Littafinki mai kyau ne, gobe sai mu sa hannu."

"In mai kyau ne, Senyora, ai kyansa ba zai ragu ba don na ƙi."

"Bakin nan naki shi zai rufe miki ƙofofin garin nan."

Queralt ta tattara takardunta ta fita kanta a sama.

Sharhin fina-finai take rubutawa a wata ƙaramar jarida, kuma ta nan suka haɗu da Oriol. A layin shiga sinima ya ji tana gaya wa ƙawarta cewa fina-finan bana duk kiɗa ne ke yi musu kuka, ba 'yan wasa ba. Ya juyo ya ce ba duka ba. Ta ce ya kawo ɗaya. Ya kawo, ta rushe shi. Daga ranar suka zama abokan musu, yana ce mata mai taurin kai, tana ce masa mai saurin hawaye.

Sai ga fim ɗinsa na farko ya fito, labarin wani tsoho mai gonar inabi da ɗansa ya sayar da gonar a ɓoye. Farkonsa sai da ya sa Queralt kuka. Amma a ƙarshe sai kawai tsohon ya rungume ɗan, aka saki kiɗa, aka hau rawa, kamar ba a yi komai ba. Ta fara gaya wa Oriol baki da baki. Ya yi dariyar yaƙe ya ce ta rubuta abin da ta gani, shi ba yaro ba ne.

Ta rubuta. Ta ce fim ne mai gaskiya da aka ɗaura wa ƙarshe na aro.

Oriol ya ɗauke ƙafa. Ariadna, jarumar fim ɗin, wadda dama ta daɗe tana shawagi a gefensa, ta shiga yaɗa cewa Queralt ta taka saurayinta ne don ta yi suna. Mahaifiyar Queralt ta kira daga ƙauye tana faɗa, wai wace irin yarinya ce za ta watsar da miji da littafi a kan fim, ta je ta ba da haƙuri. Queralt ta ce ta ji, amma ba ta je ba. Wakilai biyu da suka nemi ganinta a baya, sai aiki ya yi musu yawa.

Ta kama aiki a wani shagon littattafai, tana sayar da na wasu.

A nan ranar Sant Jordi ta same ta, ranar da namiji ke ba masoyiyarsa jan fure ita kuma ta ba shi littafi. An fito da tebura bakin titi, gari ya cika maƙil, marubuta suna zaune suna sa wa masu saye hannu. Queralt na tsaye tun safe tana naɗe littattafai ga 'yan matan da ke riƙe da furanni. Ba ta yarda ta kalli hannun kowa ba.

"Mai taurin kai."

Ta ɗago. Oriol ne, ya rame, da fure ɗaya a hannunsa.

"Littafi kake nema, yallaɓai? Akwai masu ƙarshe mai daɗi ta can."

"Na cancanci wannan," ya ce. "Ƙarshen nan ba nawa ba ne, Queralt. A nawa tsohon ba ya cewa komai, ƙofa kawai yake bari a buɗe. Mama da masu ɗaukar nauyin fim ɗin suka ce ba wanda zai kalla. Na bi. Abin da ya ƙona ni shi ne ke kaɗai kika gane..."

Idonta ya ciko, ta juya tana gyara littattafan da ba su karkace ba. Ya gaya mata ya je wa mahaifiyarsa da maganar littafin har sau ba adadi, ta ce ita ba ta sake buɗe ƙofar da aka fita aka bar ta. Ya ce ba abin da ya zo da shi sai wannan furen.

Ya miƙa mata. Ta karɓa, ƙayar jikin furen ta ɗan soke ta.

"To ina nawa littafin? Ko al'adar ma kin yi mata sharhi?" in ji shi.

Ta nuna masa teburin, ya zaɓa. Ya girgiza kai, ya ce guda ɗaya yake so, kuma ba ya kan tebur. Queralt ta sunkuya ta ciro jakarta, inda takardun suke kullum ko za a dace da wani wakili, gefensu har ya nannaɗe. Ta ɗora masa su a hannu.

"Ka karanta ka gaya mini gaskiya. Kada ka raga mini."

"Masoyiyata, ai sai na rama."

Dariya da kuka suka zo mata lokaci guda.

Da kaka aka ɗaura aurensu. Senyora Remei ta zo, ta sumbaci amarya a kumatu biyu, ta kira ta 'yata, amma ba ta ambaci littafi ba, kuma har yau ba ta ambata ba. Oriol ya karanta, ya ce babi na tsakiya ja yake yi, suka yi musu har abinci ya huce, washegari ta zauna ta rage shi.

Har yanzu Queralt tana aika wa wakilai, har yanzu shiru ne ya fi yawa. Da ta rubuta 'yan layukan nan da aka nema, da tuni tana zaune bayan tebur ranar Sant Jordi tana sa hannu. Ba ta rubuta ba. Shi ya sa kowace shekara take tsaye tana naɗe littattafan wasu, nata kuwa mutum ɗaya ne kawai a duniya ya mallake shi.