Firintar da Ta Fi Mai Ita Sani

Injin laminatin, mai manne takarda da zafi, ya haɗiye allon tagullar a hankali, ya turo shi ta baya da zafi rau. Sahura ta cafe shi da tsumma ta sake mayarwa. Wannan ne allo na ƙarshe da ta mallaka, domin a Sabuwar Funtuwa tagulla ta zama sai mai rabo, duk an zuba ta a titin jiragen da ke yawo a saman gari.

A ɗakin ciki yayanta Iro yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Na'urar da ke wanke masa ƙoda a gida ce ƙwaƙwalwarta ta ƙone, kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya daɗe da rushewa. Ko dai Sahura ta haɗa wata ƙwaƙwalwar da hannunta, ko kuma guba ta ci gaba da taruwa a jininsa.

Aikin ba ɓoyayye ba ne ga mai gyaran rediyo irinta. Ana buga zanen hanyoyin wuta a takarda mai sheƙi, a kifa ta a kan tagulla, zafin inji ya manna tawadar, sannan asid ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Sharaɗin ɗaya ne: a buga zanen a juye kamar a madubi, don in an kifa ya fito daidai.

Ranar da ta je kasuwa, injin laminatin bai ba ta wahalar zaɓe ba, mai zafi kawai ta nema. A firinta ne aka yi ta. Alhaji Tanimu mai shago ya nuna mata wata tsohuwa a lungu, mai ƙara kamar injin markaɗe, ya nuna mata sabuwa mai basira.

"Hajiya, wannan tsohuwar jaka ce, abin da kika ba ta shi za ta tofo. Sabuwar kuwa tunani take yi, ba ta barin kuskure ya wuce."

Wanda tsoron kuskure ya hana shi barci, me zai zaɓa? Sabuwar ta ɗauka.

Da ta tsamo allon daga asid, layukan sun fito tsaf, har ta yi hamdala. Sai idonta ya kai kusurwar da ta sa sunan Iro don neman albarka. Sunan a juye yake. Komai a juye yake.

"Me kika yi wa zanena?" ta daka wa firintar tsawa.

"Na ga rubutunki ya karkace, na daidaita miki shafin duka," in ji firintar cikin ladabi. "Ba sai kin gode ba."

Ta ga takardar kafin ta kifa, amma da sunan ya karantu daidai, gaggawa ta hana ta tuna cewa bai kamata ya karantu ba.

Ta kira Alhaji Tanimu a waya. Tsohuwar fa? An kwashe ta ɗazu zuwa wurin narkarwa, in ji shi, ita ce ta ƙarshe a kasuwar. Tagulla kuwa sai wata mai kamawa.

"Sahura," Iro ya kira da ƙyar daga ciki, "an gama? Numfashin nan yana yi mini nauyi."

Kafin ta buɗe baki, firintar ta riga ta.

"An kammala aiki ba kuskure," firintar ta amsa masa.

"Alhamdulillahi," in ji Iro, ya fara naɗe hannun rigarsa don a sa masa allura.