Kalwa Mudu Biyar

A can wani zamani, a wani ƙauye mai yawan ɗorawa, matan garin suna da rumbu ɗaya na haɗin gwiwa. Duk wadda ta ranci kalwa mudu biyar, sai ta yi daddawa ta sayar, ta mayar da shida.

Wata bazawara ta karɓi nata mudu biyar. Ta dafa, ta surfe, ta rufe a kwando da ganye. Daddawa kwana uku take so ba a buɗe ta ba, amma zumuɗi ya hana bazawara sakat. Da safe ta leƙa, da rana ta leƙa, da yamma ta leƙa. Ran na uku ta yaye ganyen, sai ga tsutsa tana motsi.

Ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Mudu biyar!"

Maƙwabciyarta ta ce, "Daka ki mulmula, ki kai kasuwar nesa. Wa zai sani?"

Bazawara ta ɗauki kwandon, amma ba kasuwa ta nufa ba. Ta dire shi gaban tsohuwar da ke riƙe da rumbun. Mata suka toshe hanci, suna salati.

Bazawara ta ce, "Inna, ni na ɓata. Leƙawa na yi ta yi."

Tsohuwa ta miƙe. Ta shiga rumbu ta auno kalwa, mudu har goma.

Bazawara ta yi sororo. "Inna, goma? Ni da na ɓata biyar?"

"Wadda ta kawo mini tsutsarta da ƙafarta, za ta kawo mini kalwata. Ɗauki. Wannan karon ki bar kwandon ya huta."